GAYYAR IYAYE: A JINKIRTA BA YARA BABBAR WAYA

A hutun da ya wuce na je gida, can ƙasar Wurno, na tarad da wani abu wanda har yau bai bar zuciyata ta sake ba. Wani dare bayan sallar lisha na fita shan iska, ga farin wata tar, na bi ta dandalin da muke yin langa da kokawa muna yara, na iske ba kowa sai awaki. Da na zarce zuwa shagon mai cajin waya sai na hangi yara kamar bakwai sun haɗa kai wuri guda, ba mai ko tari, hasken waya ɗaya yana haska fuskokinsu. Na matsa na yi sallama, ba wanda ya ɗago. Mai riƙe da wayar ɗan yayana ne, shekararsa 11. Ita kuwa wayar na gane ta tun daga nesa saboda tsagar da ke gefen gilashinta, gama tawa ce, ni na ba shi ita da hannuna ran da na sayi sabuwa.

Washegari matar yayana ta tare ni a tsakar gida, ta ce, "To, ɗan boko, ka ga tsarabarka? Ba ya barci sai dare ya raba, da safe malamin allo ya aiko ana nemansa." Na ce mata ai sai ta karɓe. Ta yi dariya ta ce ta taɓa karɓewa har mako biyu, amma abin da ya biyo baya shi ne yaron ya daina zaman gida, ya koma bin 'ya'yan maƙwabta masu waya, ba ya dawowa sai bayan an rufe ƙofa. Da ta ga gara ya yi kallonsa inda idonta ke kai, sai ta mayar masa. Ta ce, "Ni kaɗai ina zan iya da unguwa duka?"

Wannan tambaya tata ita ce dalilin rubutun nan. Ra'ayina shi ne, ya kamata iyaye a Wurno da Rabah da Goronyo, da sauran garuruwanmu, su haɗa baki unguwa-unguwa, su ƙulla alkawari cewa ba wanda zai mallaka wa ɗansa ko 'yarsa babbar waya mai intanet sai ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, wato wajen shekara 14 ko 15. Ina kuma ganin mu ɗalibai da matasan ma'aikata ya fi cancanta mu fara ɗaukar wannan magana, domin yawancin wayoyin nan ta hannunmu suke bi su isa ga yara.

BAMBANCIN WAYA DA MAGABATANTA

Wani zai ce ai kowane zamani da abin da manya ke kuka da shi. An yi kuka da majigi, an yi da rediyo, an yi da talabijin, an yi da kaset ɗin bidiyo, ga shi kuwa duniya ba ta tashi ba. Gaskiya ne. Amma in mun duba da kyau za mu ga waɗancan duka a bainar jama'a ake amfani da su. Majigi a fili ake kafa shi, dattijo da yaro abu ɗaya suke kallo. Rediyo a zaure yake, maigida ke murɗa shi. Talabijin ma a da yana da lokacin buɗewa da na rufewa, in tasha ta rufe kowa ya nemi makwancinsa. Ita babbar waya ba ta da ɗaya daga cikin waɗannan shingaye. Tana shiga aljihu, tana shiga cikin bargo, ba ta da lokacin rufe tasha, abin da yaro ya gani a cikinta kuwa daga shi sai Mahaliccinsa.

Daɗin daɗawa, manhajojin da yara suka fi so an ƙera su ne don su riƙe mai kallo. Kamfanin da ke da manhajar talla yake sayarwa, kuɗin talla kuwa gwargwadon daɗewar idon mutum a kan gilashi ne. Saboda haka na'urar tana lura da hoton da ka tsaya a kansa da wanda ka wuce, ta riƙa kawo maka irin wanda ya tsai da kai, ɗaya na ƙarewa wani na tashi ba tare da ka nema ba. Mu da muke jami'a mun san dare nawa muka ɓatar ta haka ana gobe jarrabawa. In babba mai gemu ya kasa ajiye ta, ina ga yaro ɗan aji biyar?

Ga kuma abin da ke cikinta. Ba na musun akwai karatu da wa'azi da labarin duniya, amma a kasuwa ɗaya ake baje su da hotunan batsa, da cacar ƙwallo, da 'yan damfara, da hotunan gawarwaki da na 'yan bindiga suna baje kolin makamai da kuɗi. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga yaron gabashin Sakkwato, wanda watakila a garinsu ko garin kakarsa aka ɗauki hoton. Kada kuma wani ya ruɗi kansa da cewa ai ba ya saya wa yaro data. Masu tura fina-finai a mimori suna nan a kowace kasuwa, yara kuma sun iya tura wa juna kome daga waya zuwa waya ba tare da ko kwabo ba.

Su kansu kamfanonin Facebook da TikTok sun rubuta a ƙa'idojinsu cewa wanda bai kai shekara 13 ba kada ya buɗe shafi, sai dai ba mai gadi a ƙofar, yaro ya ƙara wa kansa shekara goma ya wuce. A 2021 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta fito da daftarin ƙa'ida mai cewa sai wanda ya kai shekara 18 zai yi rajistar layi da sunansa. Wato layin da ke wayar ɗan yayana sunan wani babba ke kansa, kome aka aikata da shi kuwa wannan babban za a nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban gilashi, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Likitocin barci sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Yaron da ke tashi da asuba domin makarantar allo, ya wuce boko da hantsi, ya je Islamiyya da la'asar, in ya kai ƙarfe ɗaya na dare yana kallo, a ina zai biya bashin barcin nan in ba a cikin aji ba?

ABIN DA YA SA GIDA ƊAYA BA YA IYAWA

Yawancin iyayen da na zanta da su ba sa son 'ya'yansu su riƙe babbar waya tun da wuri. Duk da haka suna bari. Dalili kuwa ɗaya ne, kowa yana duban maƙwabcinsa. Yaro ya dawo ya ce 'yan ajinsu duk suna da ita, shi kaɗai ake yi wa dariya. Uba ya ji kunya kada a ce ya kasa, uwa ta ji tausayi kada ɗanta ya zama saniyar ware. Maƙwabci ma da irin wannan magana ɗansa ya ci ƙarfinsa. Ta haka gida goma za su wayi gari sun aikata abin da ba ɗaya daga cikinsu da ya so, kowa yana zaton shi kaɗai ne mai ƙyamar abin.

Wanda ya dage shi kaɗai kuwa, ya ga abin da matar yayana ta gani. Ya hana ɗansa mallaka, bai hana shi kallo ba, ga shi kuma ya jawo wa yaron kaɗaici da ƙiyayyar gida. Manomin fadama ya san wannan lissafi sarai. In tsuntsaye suka sauka a kan shinkafa, wanda ya kore su daga gonarsa shi kaɗai ya tura su gonar maƙwabci ne, an jima su dawo. Sai an fito gaba ɗaya kora take yin amfani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

In kuwa gida goma masu 'ya'ya sa'o'in juna suka yi magana ɗaya, lissafin ya juya. Yaro ba zai ce kowa yana da ita ba, gama ga abokansa tara ba su da ita. Uba ya sami abin faɗa ba tare da faɗa ba, ya ce ai alkawari muka yi da su wane da wane. Dandali kuma ya sami masu wasa, domin yaro ɗaya ba ya yin langa.

YADDA WASU IYAYE SUKA YI

Wannan dabara an gwada ta a wasu ƙasashe. A 2017 wasu iyaye a birnin Austin na Amurka suka kafa wani shiri mai suna Wait Until 8th, ma'ana a jira sai yaro ya kai aji takwas, wanda ya yi daidai da tsakiyar ƙaramar sakandare a nan. Hikimar shirin ita ce, alkawarin mutum ba ya fara aiki sai an sami gida goma daga aji ɗaya na makaranta ɗaya sun sa hannu, sa'an nan a sanar da kowa sunayen sauran. Ba wanda za a bari ya tsaya shi kaɗai.

A 2023 ƙungiyoyin iyaye na makarantun firamare takwas a garin Greystones da kewayensa, a ƙasar Ayilan, suka amince da cewa ba za su ba yara babbar waya ba, a gida ko a makaranta, sai sun shiga sakandare. Ba doka ba ce, ba tara, ba ɗan sanda, yarda ce kawai tsakanin maƙwabta. A watan Fabrairu na 2024 kuma wasu iyaye mata biyu a Ingila suka buɗe zauren WhatsApp don tattauna damuwarsu, cikin 'yan kwanaki dubban iyaye suka shiga, abin ya zama ƙungiyar Smartphone Free Childhood, wadda ke kira a jinkirta babbar waya zuwa shekara 14, shafukan sada zumunta kuma zuwa 16. A wannan shekarar ce wani malamin jami'a Ba'amurke, Jonathan Haidt, ya fitar da littafinsa The Anxious Generation, inda ya kawo irin waɗannan iyakoki, ya ƙara da raba makarantu da wayoyi da sakar wa yara mara su yi wasa a fili.

Gwamnatoci ma sun motsa. Faransa ta hana ɗalibai amfani da waya a firamare da ƙananan sakandare tun 2018. Ostareliya ta yi doka a 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 riƙe shafukan sada zumunta, dokar ta fara aiki a Disamba 2025. Abin lura a nan shi ne, waɗannan ƙasashe ba za a zarge su da ƙin zamani ba. Sun riga mu shiga ruwan ne, suka ji zurfinsa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

MASU SUKA SUNA DA HUJJA

Ba zan ɓoye ba, akwai maganganu masu nauyi a ɗaya ɓangaren, kuma wajibi ne a amsa su da gaskiya.

Ta farko ita ce tsaro. Kowa ya san halin da gabashin jihar nan ya shiga a 'yan shekarun nan. Mutanen Goronyo ba su manta da harin da aka kai kasuwarsu a watan Oktoba na 2021 ba, inda aka kashe mutane da dama. Uban da 'yarsa ke tafiya makaranta a wani gari yana da haƙƙin ya ji muryarta duk lokacin da hankalinsa ya tashi. Mun kuma ɗanɗana rashin waya a watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar nan, har da Rabah da Goronyo. Ciniki ya tsaya, mai ɗan'uwa a asibiti ya rasa labarinsa. Saboda haka ba mai hankalin da zai ce a raba jama'a da waya. Amma abin da tsaro ke bukata kira ne da saƙo, wannan kuwa ƙaramar waya mai tocila ta ishe shi. Ta ma fi babba dacewa da ƙauye, gama caji ɗaya yana kai ta kwanaki, ba ta cin data, ba ta jan idon ɓarawo.

Ta biyu ita ce ilmi. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma da yawa daga cikinmu mun tuna yadda hannunmu ya yi rawa ran da muka fara taɓa linzaminta a ɗakin jarrabawa. Ashe jinkirta waya ba zai ƙara barin yaranmu a baya ba? Amsa ita ce, shafa gilashi da yatsa daban, iya kwamfuta daban. Yaron da ya shekara uku yana kallon gajerun bidiyo bai koyi buga rubutu ba, bai koyi bincike ba, bai koyi bambance labarin gaskiya da na ƙarya ba. Sarrafa waya abu ne na mako ɗaya ga ɗan shekara 15. Iya karanta shafi biyar a zaune ba tare da hankali ya tashi ba, shi ne abin da ake ginawa tun ana ƙarami, in ya kuɓuce kuwa da wuya ya dawo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ya kamata mu nema wa yaranmu shi ne ɗakin kwamfuta mai wuta da malami a makarantunsu.

Ta uku ita ce sana'a. Manomin albasa da tafarnuwa a Wurno da waya yake jin farashi a kasuwannin kudu, da ita ake turo masa kuɗi, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023. A gidaje da yawa kuma yaro ɗan makaranta shi ne mai karanta wa uba saƙon banki. Wannan taimako ne mai kyau, ba a ce a hana shi ba. Akwai bambanci tsakanin yaro ya taɓa wayar ubansa a gabansa don wata bukata, da a ce ga taka, tafi da ita ɗaki. Mallaka ake cewa a jinkirta.

Ta huɗu ta fi sauran ciwo. Wani abokina ya ce mini wannan damuwar 'yan birni ce. Ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 2022 ta nuna kashi 91 cikin ɗari na mutanen Jihar Sakkwato suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, fiye da kowace jiha. Yara da yawa ko makaranta ba sa zuwa, ina maganar waya? Na yarda rashin makaranta ya fi wannan girma, kuma ba na neman a bar jaki a bugi taiki. Sai dai wanda ya zauna a shagon caji na awa ɗaya ya san waya ɗaya tana ɗaukar yara bakwai. Tsofaffin wayoyi kullum araha suke ƙara yi. Yanzu da abin bai game kowane gida ba, yanzu ne alkawari yake da sauƙin ƙullawa. Turawa sai da wayar ta shiga hannun kusan kowane yaro suka fara neman hanyar janye ta. Mu muna da damar da ta wuce su.

Akwai kuma gardamar masana. Ba duka suka yarda da Haidt ba. Wata farfesa mai nazarin halayyar yara, Candice Odgers, ta rubuta a mujallar Nature a 2024 cewa binciken da ake da shi bai tabbatar da cewa waya ce ke haddasa ciwon damuwa ga matasa ba. Wannan gardama tana nan, kuma yawancinta a kan yaran Amurka da Turai ake yin ta. Amma uwar da ke tashin ɗanta da ƙyar kowace safiya ba sai ta jira masana sun daidaita ba. A auna hasarar kowane ɓangare. In mun jinkirta alhali wayar ba ta da illar da ake faɗa, yaro ya yi hasarar kallon shekara uku. In mun saki alhali tana da ita, ya yi hasarar barci da karatu da kunya a shekarun da ba a maimaita su.

GADON DA MUKE DA SHI

Ba sai mun aro tsarin haɗa kai daga Ayilan ba. Mu ne masu gayya, inda unguwa ke taruwa ta nome gonar mutum ɗaya yau, gobe ta wani. Mu ne masu adashi, inda mata goma ke riƙe amanar juna wata da watanni ba takarda ba alƙali. Mu ne masu cewa ɗa na kowa ne, har maƙwabci ya tsawata wa yaron da ba nasa ba, uban yaron ya bi shi da godiya. Wannan al'ada ta yi rauni, amma ba ta mutu ba.

Ƙasar nan tamu kuma ta san aikin tarbiyya na taron dangi. A Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya rasu a 1837 kuma kabarinsa yake, mutanen da suka zauna a bakin daga ba su bar tsoron hari ya hana su karantar da 'ya'yansu ba. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa jajoji mata suna jagorantar matan ƙauyuka zuwa neman ilmi, su koma su koyar a garuruwansu. Ta gane cewa in ana son gyara ya shiga ɗaki, sai ta hannun mata. Rabah kuwa ita ta haifi Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar, ya riƙe ƙasar Rabah daga 1934, ya ƙare rayuwarsa yana kiran mutanen Arewa su rungumi ilmin zamani ba tare da sun yar da mutuncinsu ba. Jikokin waɗannan ba za a kira su maƙiyan ci gaba ba don sun ce kome da lokacinsa.

Mutanen Goronyo ma suna da darasi a ƙofar gida. Madatsar da aka gina a kan Gulbin Rima, aka gama a 1984, an yi ta ne don ta riƙe ruwa mai yawan kubik mita miliyan 942, a riƙa sakinsa da awo zuwa gonakin rani. Da ruwan ya zo gaba ɗaya a watan Satumba na 2010, ya cinye gonaki da gidaje, ya lalata madatsar Lugu, har ya yanke hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ba wanda ya ce a daina noman rani saboda haka. Abin da kowa ya roƙa shi ne a kula da ƙofofin.

SHAWARAR DA NAKE BAYARWA

A fara da kaɗan. Gida goma masu 'ya'ya a aji ɗaya, ko a makarantar Islamiyya ɗaya, su zauna a zauren mai unguwa ko a taron iyaye da malamai, su yarda da abubuwa kamar haka. Ba za a mallaka wa yaro babbar waya ba sai ya gama aji uku na ƙaramar sakandare. Wanda bukata ta kama, kamar mai tafiya makarantar nesa, a ba shi ƙarama. In yaro zai yi amfani da wayar babba, ya yi a tsakar gida ko a zaure, da dare kuma ta kwana a ɗakin mai ita. Kowane uba da kowace uwa sun yarda maƙwabci ya gaya musu abin da ya gani ba tare da an ɗauke shi ɗan sa ido ba. A sanar da 'yan'uwa na nesa, masu aiki a Sakkwato da Abuja da Legas, kada su zo da waya a matsayin tsaraba. A kuma faɗa wa samari masu zuwa zance cewa gidan nan ba a karɓar waya a matsayin toshi ga yarinyar da ke makaranta, gama ta wannan ƙofa wayoyi da yawa ke shiga gidaje ba da sanin uba ba.

Kada a sa tara, kada a kira hukuma, kada a fasa wayar kowa. Abin da aka yi da tilas ɓoyo yake haifarwa. Wanda ya saɓa a tuna masa, wanda ya ƙi shiga a bar shi, watakila baɗi ya shigo. A sa mata a gaba, domin su ke tare da yara yini da dare, su kuma suka fi sanin wane yaro ne ba ya barci. A ja masu shagunan caji da masu tura fina-finai a jiki, 'ya'yan unguwa ne, a roƙe su kada su tura wa ƙaramin yaro abin da ba za su tura wa ƙanensu ba. Malaman makarantu kuma su daina aika aikin gida ta WhatsApp ga 'yan firamare, domin hakan tilasta wa iyaye ne su karya alkawari.

Wajibi ne kuma a cike gurbin da aka bari. Wanda ya karɓe wa yaro abin wasa bai ba shi wani ba, ya ɗaura yaƙi da shi. A gyara filin ƙwallo, a raya dandali inda tsaro ya yarda, a dawo da tatsuniya da kacici-kacici a tsakar gida, a sa littattafan Hausa a hannun yara. Su kuma manya su duba kansu. Uban da ɗansa ke yi masa magana idonsa na kan gilashi, ya riga ya karya alkawarin tun kafin a ƙulla shi.

NAMU KASON

Ya 'yan'uwana ɗalibai da ma'aikata, a garuruwanmu mu ake kallo a matsayin masana zamani. In dattijo ya rasa gane wani abu a waya mu yake kira. In mun ce abu yana da kyau a yarda, in mun ce yana da haɗari a saurara. Amma har yanzu abin da muka yi da wannan matsayi shi ne, duk wanda ya karɓi albashin farko ko kuɗin tallafin karatu ya sayi sabuwa, ya miƙa wa ƙanensa tsohuwa, ya tafi yana jin ya yi zumunci. Iyayenmu da yawa ba su san abin da ke cikin na'urar ba. Mu mun sani, saboda haka alhakinmu ya fi nasu nauyi.

Ina roƙon ƙungiyoyin ɗalibai na Wurno da Rabah da Goronyo su sa wannan magana cikin ayyukan hutu mai zuwa. Mu je wurin hakimai da dagatai da shugabannin makarantu da ladabi, mu bayyana musu yadda abin yake. Masu kwamfutar tafi-da-gidanka su ware yamma biyu a mako su koya wa 'yan sakandare buga rubutu da shirin jarrabawa, don kada a ce mun hana ba mu bayar ba. Tsohuwar waya kuwa a sayar, ko a ba uwa ko yaya mai sana'a.

Ni dai kafin in dawo makaranta na zauna da ɗan yayana, na ba shi haƙuri, na gaya masa kuskuren nawa ne, na karɓi wayar na musanya masa da ƙwallo da ƙaramar waya mai tocila. Ya yi fushi, har ran da zan tafi bai raka ni tasha ba. Uwarsa ta yi magana da maƙwabta huɗu, uku sun yarda, ɗaya ya ce zai yi shawara. Saura gida shida ke nan ko biyar, kuma na san in ba a same su ba yaron zai koma shagon caji. Kowane mai karanta wannan mujalla yana da ƙane ko ɗan'uwa a wata unguwa, kuma unguwar tana jiran wanda zai fara sallama a gidan maƙwabci. Allah ya shirya mana zuriya, ya kawo zaman lafiya a ƙasarmu, amin.